Don Evaristo da Jajayen Safar Dambe

Duk unguwar Rebolo ta birnin Barranquilla babu wanda bai san amalanken dattijon nan Don Evaristo Cantillo ba. Tun yana saurayi yake tsayawa a ƙofar firamare, ya kankare dunƙulen ƙanƙara ya cika kofi, ya kwarara ruwan tsamiya da madara a kai. Ga cika baki! Wai shi ya hana rana kashe rabin garin. A gefensa akwai Nicasia mai yankakken mangwaro da gishiri. Sun tsufa suna zagin juna, ba wanda ya tuna mafarin faɗan.

Kwatsam ciwon daji ya kama shi a hanji. Maganin da ake ɗura masa ya yi aiki, sai dai ya bar masa tsaraba a jijiyoyin hannu: da ya taɓa abu mai sanyi sai ya ji kamar ya dafa wayar lantarki. Mai sayar da ƙanƙara fa, jama'a!

Likita Yuranis, yarinya ce mai faɗin gaskiya, ta buɗe masa ƙa'idojin magani har kala uku. Ta farko ta ce a sha ƙwaya kaza. Ta biyu ta ce ƙwayar nan hujjarta ba ta taka kara ta karya ba. Ta uku, wadda aka rubuta a ƙasar da sanyi ke daskarar da kogi, ta ce a guji sanyi, a sa safar hannu.

"To 'yata, wace ce babba a cikinsu?"

"Baba, su ma masu rubutun bakinsu bai zo ɗaya ba. Mu gwada ƙwayar mu gani."

Ƙwayar ta sa shi gyangyaɗi a tsaye, har ya tsiyaya wa wani ɗan sanda madara a takalmi. Saura safa. Ina za a samo safar sanyi a garin da kare ma ke neman fanka? Surukinsa, tsohon ɗan dambe, ya ara masa nasa, jajaye, kowanne kamar kabewa.

Haka ya fito. Yara suka kewaye shi suna ihu, "Zakara! Zakara!" Ya rungumi ƙanƙarar da ƙarfin hali, ta suɓuce, ta bi gangare tana ratsa babura, ta faɗa kwata. Nicasia ta yi dariya har sai da ta zauna a kan bokitinta.

Washegari ya sayo wata ƙanƙarar, ya cire safar, ya cije ya ɗora hannu. Zafin ya harba har kafaɗa. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, tsoro ya kama shi sosai, wanda ko a gadon asibiti bai ji irinsa ba. In babu amalanken nan, shi wane ne?

Nicasia ta ajiye wuƙarta ta fizge makankarin.

"Matsa can, tsohon banza."

"Za ki ɓata min suna, mayya! Ba haka ake riƙewa ba."

"Kai dai zuba tsamiyar."

Ya mayar da safar, ya tallabo kwalbar da hannu biyu yana mita, wai ta yi tsakuwa-tsakuwa, wai jaki ma ya fi ta lallaɓawa. Wata 'yar aji biyu ta miƙo kofinta, ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Yanzu amalanken na waye?"

"Nasa ne mana," in ji Nicasia, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni aron hannu na ba shi."

Don Evaristo ya juya yana kallon Nicasia, ya manta da kofin. Ya yi ta tsiyaya tsamiyar har kofin ya cika, ta zubo wa yarinyar a hannu.