Yadda Na Gaida Ƙane Kafin Yaya a Hanyar Babban Duhu

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis muka tashi daga Katsina. Mu huɗu ne da jinjiri: ni, da maiɗakina, da babbar 'yata da ɗanta na goye, sai ƙanena da ya ja motar. Tun ranar Laraba da yamma aka saka tsaraba a but: sabulu, sukari, ganyen shayi, goro, da turmin atamfa biyu. Na duba tayoyi da kaina, har da safaya. Wanda ya yi shekaru yana kula da sito kamar ni ba ya yarda da "ai komai ya yi" sai ya taɓa da hannunsa.

Masu tambayar gwiwata, da sauƙi, na gode. Masu tambayar abin da ya fitar da ni da iyali zuwa wannan yanki, ga dalili.

Bayan sunan jikan nan, 'yata ta ce in faɗa mata kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, don yaron ya tashi ya sani. Na faɗi mahaifina, na faɗi mahaifinsa Jatau, daga nan bakina ya tsaya. Mahaifina ya rasu bara, ban taɓa zama na tambaye shi ba. 'Yan'uwansa biyu suka rage. Akwai Baffa, autansu, a wani ƙauye kusa da Wagini. Akwai Gwaggo, yayarsu duka, a gefen Babban Duhu cikin ƙasar Safana, inda asalinmu yake. Da damina Gwaggo ta kwanta ciwo har aka riƙa bugo waya ana neman addu'a. Allah ya tashe ta, amma na ce ba zan ƙara jira ba. In ta tafi da sunayen nan, sun tafi ke nan.

Sati biyu na yi ina tsara tafiyar a takarda. Batsari ƙarfe bakwai. Wagini ƙarfe tara. Babban Duhu sha biyu. Mu tashi ƙarfe uku, mu fita ta Dutsin-ma. Sau uku ina zuwa tasha ina tambayar direbobi halin hanya. Suka ce ta lafa kwanan nan, amma dokarsu ɗaya ce: kada yamma ta same ka a daji. Da na karanta wa maiɗakina tsarin, sai ta ce, "Malam, Gwaggo fa ita ce babba." Na ce mata Wagini ce a kan hanya, ba za mu wuce gari mu dawo muna ƙona mai ba. Ta yi shiru. Na ɗauka ta gamsu.

Hanyar Batsari ba laifi, sai ramuka nan da can da shingayen jami'an tsaro. An gama girbin gero, dammuna a jingine a gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Da yake ranar kasuwa ce, tun daga nesa muka shiga ayari. Na ga babur ɗaya ɗauke da mutum biyu, da buhun wake, da rago a tsakiyarsu yana kallon hanya kamar shi ya biya kuɗin mai. Jakuna kuwa ba ruwansu da hon. Ƙanena ya danna ya gaji, ya bi su a baya da ladabi.

A Batsari muka karya da koko da ƙosai, sannan na sayi dafaffen rogo da garin ƙuli. Na daɗe ina son sanin abin da ya sa rogon garin nan yake da gari haka. Na tambayi mai sayarwar, ya ce ƙasar ce, jigawa ce mai laushi, saiwa tana miƙewa yadda take so. Wani dattijo a gefensa ya ce ba ƙasa ba ce, iri ne. Na bar su suna gardama. Dankali tsibi-tsibi, ya fi na Katsina araha nesa ba kusa ba, amma man galan ya fi na gidan mai tsada. Duk mai shirin zuwa ya cika tankinsa tun daga gida.

Mun isa gidan Baffa ƙarfe tara da kwata. Ya yi murna ƙwarai. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin awa, don sai da ya tambayi kowa na gida da sunansa. Aka kawo fura da nono mai kauri irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Da na kawo maganar sunaye, ya ce, "Mahaifin Jatau shi ne Mantau. Bayansa ban san kowa ba, ni auta ne, ban tashi na tarar da masu faɗa ba. Yaya ce mai wannan. Me ta ce maku da kuka je?"

Na ce ai yanzu za mu je.

Baffa ya dubi maiɗakina. Ita kuma ta dubi tabarma. Ya ce, "To. Allah ya sa ta tashi da farin rai." Da za mu tafi ya sa aka cika kwando da dankali, ya ce a kai mata. Ya rage murya ya ƙara da cewa, "In ta tambaya, a kasuwa ka saya." Na ce masa ni ba na ƙarya a kan dankali.

Daga nan hanya ta canza hali. Kwalta ta ƙare, muka shiga burji, daga burji muka shiga yashi. A wani rafi sai da muka sauka muka tura, ban da mai goyo. Garken shanu ya tare mu sau biyu. Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne rumbunan ƙauyukan nan, kowanne a ɗore kan duwatsu da hular ciyawa a kansa. Na tsaya na tambayi wani manomi, ya ce duwatsun don gara ne da danshi. Na so in ƙara tambaya, agogo ya hana. Ba mu isa ba sai ɗaya da rabi.

Mun sami Gwaggo a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, amma idonta da muryarta suna nan. Ta yi ta sa albarka, ta karɓi jinjiri tana kiransa maigida, irin wasan kaka da jika. Komai yana tafiya daidai har na sa aka shigo da kwandon. Na ce, "Gwaggo, ga saƙo daga Baffa."

Ta ce, "Ya je Katsina ne?"

Na ce, "A'a, ta wajensa muka biyo."

Ta ce, "Kuka biyo."

Daga wannan kalma ba ta sake duban inda nake ba. Ta gyara wa jinjiri zama a cinyarta, ta ce da shi, "Maigida, ka ga kakanka? Boko ta koya mashi ƙirga daga ƙasa. Yaron da na goya, na share wa majina, shi aka hwara kai ma gaisuwa. Ni sauran gaisuwa aka kawo mani, da dankali."

Na yi bayanin hanya. Na yi bayanin mai. Na fito da takardar ma don ta ga ba raini ba ne, tsari ne. Ta ce, "Maigida, gaya mashi ubanshi da ƙahwa yake zuwa nan. Ya ratsa ta ƙohwar gidan autan bai sha ko ruwa ba, sai a komawa. Ko shi ma mai yake tsoron ƙonawa?" Jinjirin ya yi dariya. Matan gidan suka shige ɗaki da tasu dariyar. Abincina a zaure aka kai mani, dambu da zogale, ga daɗi.

Ƙarfe uku saura kwata ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, lokaci fa." Na sani. In muka wuce uku babu tafiya, in muka tafi kuma babu sunaye, ban kuma san ko zan sake samun ta da rai ba. Na koma na durƙusa na ba da haƙuri. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sai maiɗakina ta biyo ni zaure ta ce, "Malam, ba haƙuri take jira ba. Ta ce wanda ya zo da azahar zai juya kafin la'asar ba gaisuwa ta kawo shi ba, kaya ya zo ɗauka."

Ni ban taɓa kwana inda ban shirya kwana ba. Ba mu zo da kayan sauyi ba, ga jariri, ga halin da yankin ya sha fama da shi. Na yi abin da na iya yi bi da bi. Na tambayi mazan gidan, suka ce an kwana biyu ana barci lafiya, Allah ne mai tsarewa. Na tambayi 'yata, tunda ita ke da goyo. Ta ce, "Baba, ni na jawo tafiyar nan, mu kwana." Ta buga wa mijinta waya, ya yarda. Na ce wa ƙanena ya gyara wa mota wuri a bayan danga.

Washegari bayan asuba aka ce Gwaggo tana kira. Na je na durƙusa. Ta dube ni, ni kaina, ta ce, "Kai, ka kwana lahiya?" Na gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ban taƙaita komai ba, har awaki na tambaya. Ta ce in miƙo mata sandarta.

Na zaci zama za mu yi ta jero mani sunaye in rubuta. Ashe ita ba a jere ta ajiye su ba, a wurare ta ajiye su. Muka fita bayan gari a hankali, ni da ita da 'yata. A bakin wata tsohuwar rijiya ta ce Jatau ne ya haƙa ta, shi ne kuma ya fara salla a gidanmu. A gindin wata tsamiya ta ce nan Mantau yake yanka jan zakara kafin a yi shuka. Ta faɗa ba ɓoyo ba kunya, ta ce, "Abin da suka tarar ke nan, Allah ya san bayinshi." Ban taɓa jin wannan ba. Na tsaya ina kallon tsamiyar, na yi tambayoyi har sai da ta ce ƙafarta ba ta jiran tambaya.

Muka kai wani kufai da ya zama gonar wake, sai tudun tsohuwar katanga. Ta ce, "Nan gidan uban Mantau. Shi ya sare dajin ga." Na ɗora biro a takarda. Na ce, "Sunansa fa, Gwaggo?"

Ta ce, "Ba ya hita bakina."

Sai 'yata ta taɓa ni ta raɗa mani dalili, don mata sun fi mu saurin gane irin wannan. Mijin Gwaggo ɗan'uwa ne, sunan wannan kakan aka sa masa. Ya rasu ina ƙarami, kowa kuma Sarkin Noma yake ce masa, ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Na ce ko ta faɗa sau ɗaya, tunda ba mijin take nufi ba. Ta ce, "Tun ranar da aka kai ni ɗakinshi ban hwaɗa ba, ba ni hwarawa yau don bironka. Je ka tambayi yaron nan na Wagini sunan mijin yayarshi. Ka ga yanzu ka bi hanya yadda take."

Ta ba ni biyu na sama ba gardama: Cindo, mai yatsa shida, wanda ya yi kiwon zuma, da mahaifinsa Nomau, wanda ya zo daga yamma da jaki ɗaya. Bayan Nomau ta ce babu wanda ya sani sai Allah.

Don haka ba mu ga Dutsin-ma ba. Ta hanyar jiya muka koma, yashin nan dai, turin nan dai, da ƙullin daddawa da gyaɗa da ta ba mu. Mun sami Juma'a a Wagini. Da na gaya wa Baffa abin da ya faru, ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce shi ma bai san sunan kaka ne mijin yake ɗauke da shi ba. Ya waiga hagu da dama kamar tana bayansa, sannan ya faɗa mani. Ana kiran la'asar muka shiga Katsina lafiya.

Abin da na koya ga shi. Na ɗaya, mai tsara ziyarar dangi ya fara jera mutane kafin ya jera garuruwa. Na biyu, in maiɗakinka ta faɗi magana sau ɗaya ta yi shiru, ba gamsuwa ba ce, ka sake tambayar ta. Na uku, a tafi da kayan kwana ko ba a yi niyya ba. Na huɗu shi ne babba: wanda yake da tsoho a raye ya je yanzu, ya zauna, kada ya je da agogo a hannu.

Sunaye shida na sama da ni sun cika, na rubuta su a jere na ba 'yata. Na san za ku ce na tsallake ɗaya a nan. Da gangan ne. Jikokin Gwaggo suna da waya, kuma na ji suna karanta mata abin da nake rubutawa da ƙarfi. Sunan da ta riƙe a bakinta tun tana amarya, ba ni zan sa a faɗe shi a gabanta ba.