Ranar da ruwan rijiyar masallacinmu ya kama wuta

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ban ga yadda zai kwashe abin da ya faru a rijiyar masallacinmu ta Sheme ba. A shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan ne, motoci suka yawaita, wani Alhaji maƙwabcinmu ya gina gidan mai a bakin titi, aka binne masa ƙaton tanki a ƙasa. Ni a lokacin na'ibin liman ne, unguwar kuma kaf a rijiyar nan take sha.

Bayan wata damina sai ruwan ya fara wari, wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a samansa. Mata suka ce har a tuwo ana jin shi. Mun karanta cewa ruwan da kamanninsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya ba ya alwala, don haka na sanar a bar shi. Muka yi abin da muka gada, wato yasa, kamar yadda ake yi in akuya ta faɗa ta mutu. Muka kwarfe ruwan tas, ya sake tsattsafowa da warinsa. Muka ƙara, haka.

Sai aka kira wani dattijo mai haƙar rijiya ya shiga ya gano abin da ya ruɓe. Su al'adarsu kafin su sauka, sukan ɗaura fitila a igiya su zura. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau. Ya ɗaura ɗamara, ya kunna fitilarsa. Ni kuwa warin nan yana ta tuna mini da tashar mota. Na riƙe igiyar na roƙe shi ya dakata.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai da allo aka san ka. Tun ba a yaye ka ba nike shiga rijiya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban saki igiyar ba. Na sa aka jawo guga ɗaya, muka nisanta, na tsiyaye saman ruwan a wani fasasshen kasko, na ƙyasta ashana na jefa. Wuta ta tashi a kan ruwa. Dattijon ya hure fitilarsa a hankali, ya zauna a ƙasa yana salati.

Da aka gaya wa Alhaji, ya fara cewa tankinsa sabo ne. Na ce ya zo ya gani da idonsa, na sake ƙyasta masa. Allah Ya saka masa da alheri, bai ƙara musu ba. Ya ɗauko ma'aikata daga Funtuwa, suka zuƙe man, suka tono tankin, sai ga tsatsa ta huda shi ta gindi. Suka kwashe baƙar ƙasar da ta sha mai, suka haƙa 'yan ramuka tsakanin gidan man da masallaci don a riƙa duba inda man ya kai. Alhaji ya haƙa mana sabuwar rijiya a kan tudu, aka rufe tsohuwar.

Duba tsohuwar rijiyar ya zama aikina. Duk Juma'a in buɗe, in ja guga, in sansana, in zubar nesa da dabbobi. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa kafin warin ya ɗauke, kuma ko bayan nan sai da masu awon ruwa suka gwada kafin na yarda a sha.

Abin da na koya shi ne, dabarar da aka gada tana da ranarta, amma in sabon abu ya shigo gari, a tsaya a tambayi daga ina ɓarnar ke fitowa. Da mun yi shekara muna yasa ba a tono tankin nan ba, da wahala kawai muka sha.