Fuensanta Mai Kafa Mantiya

Kafin mai burodi ya buɗe shagonsa a garinmu Priego, Fuensanta Ojeda ta riga ta share ƙofar gida, ta sha kofi, ta cika bakinta da fil. Da bakin nan a cike take yi wa mata faɗa, kuma har yau ba mu ji ta haɗiye ko ɗaya ba.

Sana'arta kafa mantiya, mayafin leshin da matanmu ke ɗorawa a kan peineta, dogon matajin nan da ake sokewa cikin gammon gashi a ƙeya. Farar mantiya ta 'yan mata ce. Baƙa ta makokin Alhamis Mai Tsarki ce, ita ce kuma adon uwar ango. Kusan kowane gida akwai ta kaka a akwati, amma kafa ta yadda iska ba za ta yi gaba da ita ba, sai Fuensanta. A wurinta kowace mace yarinya ce, har masu jikoki.

"Miƙe wuya, yarinya, ba buhun dankali nake ɗaurewa ba."

Bara Araceli mai kifi ta aiko mata cewa ta fasa sa mantiya. Ɗanta Anselmo zai yi aure, a nan kuwa uwa ce ke riƙe hannun ango, da baƙar mantiya, ta kai shi gaban bagade. Maganin ciwon daji ya zubar mata da gashi kaf, peineta kuma ba ta tsayawa inda babu gammo. Ta gwada gashin kanti, nauyin matajin ya zame da shi. Ta ce ƙanwarta ta raka angon, ita ta laɓe a bencin baya.

Fuensanta ta same ta har gida.

"Wa ya yi naƙudar yaron nan, ke ko ƙanwarki?"

"Ƙawata, dubi kan nan. A ina za ki soke shi, a ƙashi?"

"Ranar bikin, kan nan a hannuna yake. Ke dai ki zo da ƙafafunki."

Ta ɗinka hular karammiski daidai kan Araceli, sannan ta ɗauki almakashi ta bi gidajen matan da ta taɓa yi wa ado. Ba ta roƙi kowa ba, cewa kawai take yi, "Sunkuya." Da gashin da ta yanko ta rufe hular, ta naɗa gammo ta ɗinke shi tsam.

Ranar biki Araceli ta daɗe a gaban madubi. Can ta ce, "Wannan jan gashin na ƙawarmu Visitación ne, na san rininta," sai kuka ya ƙwace mata. Ta kai ɗanta gaban bagade da kanta a miƙe. Iska ta kaɗa a ƙofar coci, peineta ko gezau.

Bana hannun Fuensanta ya fara rawa, ta ce ta ajiye aiki, kuma gaskiya abin ya yi mana ciwo. Fuensanta, ke ce kika ƙi barin uwa ta zauna a baya ranar auren ɗanta. Mun gode, gwanar fil.

'Yan matan Priego, ku je ku koya tun tana iya nuna muku, ku haɗa har da halin. Gashin Araceli ya fito yanzu, ya kusa kafaɗa. Ta ce almakashi ba zai taɓa shi ba sai ranar da aka zo nema wa wata.