Gidan da Barmo Ya Zaɓa Ranar Ruwan Sama

Barmo ɗan kabu-kabu ne a Birnin Konni. Shekara goma sha shida yana haya, kowace damina ruwa na shiga ɗakinsa, matarsa Shatu ta yini tana kwarfewa da kwano. Da ya tashi sayen gida, dillali ya nuna masa biyar da rani, bai zaɓi ko ɗaya ba.

"Malam Barmo, gida kake nema ko yawo?" in ji dillalin.

"Bari ruwa ya sauka, Alhaji."

Ranar da aka tafka ruwa, ya hau moto ya zagaya gidajen. Huɗu sun cika. Na biyar, tsohon gidan ƙasa a kan tudu bayan kasuwa, har ya tsane. Shi ya saya. Bana Shatu shinkafa kawai take wankewa a kwanon nan.