Ranar da Kango Ya Amsa Sallamar Inna

Ko zan manta da komai na tafiyarmu Ingila, ban da ranar da kango ya amsa wa Inna sallama.

Lokacin Inna, mahaifiyata, ta zo mana garin Manassas, inda muke zaune a ƙasar waje, daga Zariya, kuma abu ɗaya ke cin ranta. 'Yata mai shekara tara tana jin Hausa sarai, amma ko me za a yi mata, da Turanci take mayarwa. Inna kuwa ba ta jin Turanci. Har ta taɓa ce min, "Haka zan koma gida ban yi hira da jikata ba?" Maganar ta tsaya min a rai.

Bikin ƙanena ya kai mu Ingila gaba ɗayanmu. Bayan biki sai maigidana, da shegen son tarihinsa, ya kwashe mu zuwa wani ƙauye kallon rusasshiyar fadar sarakunan da. Ganuwar dutse rabi a zube, babu rufi, tumaki na kiwo a tsakar gida. Inna ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yanzu kango kuka kawo ni? Kango ai da masu shi."

"Inna, duwatsu ne kawai," in ji maigidana.

"Kai dai yi shiru, ɗan nan."

Ta yi bisimilla, ta gyara mayafi, ta rangaɗa sallama. Sai daga can saman hasumiya wata murya ta amso, bango na maimaitawa: "Wa alaikumus salam! Sannu da zuwa, tsohuwa! Me kika kawo mana?"

Wallahi ban san Inna ta iya gudu ba sai ranar. Ta bar takalmi ɗaya a wurin, tumaki suka watse, ni kaina sai da na ja da baya. Can sai ga kan 'yata ta taga, tana dariya har da hawaye. Ashe ta riga mu shigewa.

Inna ta dawo tana haki. "Ja'ira! Ashe da bakinki? Sauko ki gamu da ni!"

"Sai dai ki shigo, Kaka. Ko tsoro kike ji?"

Ta shiga kuwa. Suka zagaye kangon hannu cikin hannu suna cacar baki, Hausar yarinyar duk a karye, Inna ko a jikinta. Ni ina biye da su ina share ido don daɗi.

Na daɗe ina gyara wa yarinyar nan Hausa da faɗa, har ta koma jin kunyar buɗe baki. Ranar na gane yaro ba ya sakin baki a gaban mai yi masa gyara, sai a gaban wanda yake jin daɗin tsokana.