Kwantaccen Cikin Gaji

Gaji mai ƙuli-ƙuli ce a kasuwar Guci, kuma duk wanda ya ci kasuwar nan a shekarun fari, ko bai san sunanta ba ya san cikinta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin mijinta Sale ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sai da zazzaɓi ya ɗauke shi a kakar shekarar saba'in, tana cikin takaba, ciki ya fara tasowa. Tsofaffin unguwa suka shafa suka ce haihuwa ce tafe. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, shiru. Suka sake shafawa suka ce ai kwantacce ne, ɗan barci yake yi don baƙin cikin rasuwar ubansa, zai tashi ran da Allah ya so.

Yayan mijinta, Tsoho, mutum ne mai tsoron haƙƙi amma maganarsa tsada gare ta. Ya ce ba za a raba gonar Sale ba sai magaji ya fito, Gaji kuma ta ci gaba da zama a ɗakinta. Daga nan bai ƙara ba. Matan gidan suka yi ta tsokanarta har suka gaji suka bari. Danginta na wajen Waca fari ya watsa su, ba ta san inda suka nufa ba. Sai ta koma hira da cikin. In tana murza tunkuza tana ba shi labarin ubansa, ran kasuwa kuma ta dafa shi ta ce, "Tashi mu tafi, malalaci." Ban san wanda ya kai ta kaɗaici a garin nan ba, amma a lokacin ita ba ta san tana ciki ba.

A shekara ta huɗu nauyi ya fi ƙarfinta. Salla sai a zaune, guga ba ta iya ja, numfashi sama-sama. Ga yunwa ta rame kowa, ita kuwa sai ka ce rumbu. Ran da aka raba dawar taimako har wani mara kunya ya ce a tsallake ta, wai ga alama tana da ajiya. Da ta je gidan likita a Dungas, majo, babban malamin jinyar wurin, ya latsa cikin, sannan ya ce ta tafi Damagaram a yi mata fiɗa, in ba haka ba abin nan zai kashe ta. Gaji ta taɓa jin cewa likitoci na tsaga mace su fiddo jariri da rai. Don haka abin da ta ji ke nan, za a tada mata ɗanta.

"Yaya, ina son ka taimaka mini da na hanya," in ji ta ga Tsoho.

"Ɗan ƙanena ne," ya ce. "Ba da hannuna za a sa masa wuƙa ba."

Ta sayar da karsanar da ta gada wajen uwarta, a shekarar da saniya ba ta kai kuɗin buhun gero ba, ta haɗa da kwanukan jerenta. Direba ya dube ta ya ce sai ta biya wurin mutum biyu, ta biya tana dariya, ta ce ai gaskiyarsa, su biyu ne. A Magariya ta sayi sabon zanen goyo mai ruwan shuni.

A asibiti kowane gado da mai jinya a gefe, wannan na fifita, wannan na dama kunu. Ita da kanta ta dangwala yatsa a takarda, da kanta ta sayi magungunan da aka rubuta. Da ta farfaɗo bayan aikin, ta ji jikinta sakayau, har ta tsorata. Ta kamo hannun wata ma'aikaciya mai suna Laraba.

"Ɗiyata, namiji ne ko mace?"

Laraba ta zauna a bakin gadon. "Inna, ba ɗa ba ne. Wata jaka ce cike da ruwa, ya kai bokiti biyu. Kin auna arziki."

"An duba da kyau?"

"An duba, Inna."

Ba ta yi kuka a gabanta ba, ta juya ta fuskanci bango. Da aka sallame ta, wurin mutum ɗaya ta biya.

Tsoho ya yi mata sannu, kuma har zuciyarsa ya yi. Bayan kwana bakwai ya kira malam aka raba gona, aka ba ta rubu'inta, aka ce tana iya zama a ɗakin har kaka. Ba wanda ya cuce ta, shi ya sa ba ta da wanda za ta yi wa fushi. Ta warke sarai, goshinta ya koma taɓa ƙasa a salla, mutane na ta yi mata barka da sauke nauyi, tana amsawa.

Ran kasuwar farko ta shirya kwaryar ƙuli, ta kai bakin ƙofa, hannunta ya tafi ciki da kansa. "Tashi mu..." Sai ta ji tabon ɗinki a ƙarƙashin zane. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ɗaki ta ɗauko zanen goyon, ta naɗe shi ta yi gammo, ta ɗora kwarya ta fita ita kaɗai.