Ƙullin Ɗankwalin Mma

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki fim a wani lungu na Sabon Zongo ba, ana tsakiyar damina. Ku ajiye allurar nan ku saurara, ku da kuke ganin aikinmu guga ne kawai da ɗinke maɓalli.

Ni ce shugabar masu sutura a lokacin. A wuyana yake kowa ya tsaya gaban kyamara da kayan zamaninsa, tun daga takalmi har ɗankwali. Fim ɗin tarihin wata mai zane ne, 'yar Sifaniya, wadda ta zauna a Zongo tun ina goye, tana zana matan unguwa. Wadda ta fito a matsayinta ita ma daga can take, ta kuma tsufa a harkar. Ta ce mini ta yi sarauniya, ta yi 'yar aiki, an kashe ta a fim ya fi a ƙirga. Yara na bin ta da “oburoni”, wato Baturiya, mu kuwa Madam muke ce mata.

Ni abin da ke cina daban ne. A gidanmu an sha faɗin cewa mai zanen nan ta zana Mma, mahaifiyata, tana sayar da koko. Mma ta rasu ina ƙarama, ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Wallahi fuskarta ta ɓace mini, muryar ce kawai ta rage.

Ina cikin ɗaura wa Madam zani na yi ƙarfin hali, na tambaye ta da Turancina na kasuwa ko akwai mai koko a zanen matar, na ce mahaifiyata ce. Ta ce duk zane-zanen suna wayarta, da su ta koyi halin matar. Ta yi ta shafa waya. Can ta miƙo mini.

Ga tukunya, ga ludayi, ga bangon masallacinmu. Ga mace kuma, ta ba mu baya.

Kai, Mma! Matar malam guda, ina za ta yarda baƙuwa ta tafi da fuskarta ƙasar wasu? Ta yarda a zana, amma ta juya. Da ƙullin ɗankwalin na gane ta, can ƙasa bayan kunnen hagu, gefe ɗaya a sake don goge gumi.

“Ita ce?” in ji Madam.

Na gyaɗa kai.

A tsarin fim ɗin, yarinyar da za ta fito mai koko za ta kalli kyamara ne tana dariya. Madam ta je ta sami darakta, suka yi ta yarensu. Ya dawo ya ce, “Hajiya, ɗaura mata ɗankwali irin na mahaifiyarki. Ta baya za mu ɗauka.”

Na ɗaura. Da aka fara, yarinyar ta sunkuya kan tukunya. Na tsaya bayan fitilu ina roƙon Allah ta waiwayo, alhali 'yar unguwar Maamobi ce, ni na shafa mata hoda da safe.

Shi ya sa nake muku faɗa idan kuka ɗaura ɗankwali yadda kuka ga dama. Wani mai kallo ba ɗan wasa ya zo gani ba, nasa yake nema a cikin tufafin.

Fim ɗin kuwa, na kalle shi ban san iyaka ba. Har yau ba ta waiwayo ba.